Ina Ganin Jini Idan Na Goge Baki: In Daina Goge Wurin Ne?

"Assalamu alaikum, Likita. Shekaruna 34. Kusan wata biyu ke nan, duk lokacin da na goge baki sai in ga jini a kumfar da na tofar, musamman daga haƙoran ƙasa na gaba da kuma can ciki ta hagu. Ba ya yi mini ciwo. Da na ga haka sai na riƙa tsallake wuraren don kada in fama su, amma yanzu ko abu mai ɗan tauri na gatsa sai in ga jini a jikinsa. Wata ta ce mini ƙarancin bitamin ne, wata kuma ta ce kada in yarda a wanke mini haƙora a asibiti, wai yana sa su girgiɗa. Ba ni da juna biyu, kuma ba na shan wani magani. Me ya kamata in yi?"

Wa'alaikumus salam, Malama. Abu uku kika tambaya: me ke kawo jinin, ko tsallake wurin daidai ne, da kuma ko wankin haƙora a asibiti gyara ne ko ɓarna. Zan fara da na tsakiya, domin shi ya fi tsaya mini a rai. Wurin da kika daina gogewa shi ne ya fi ko'ina buƙatar buroshi a bakinki, kuma tsallake shi da kika yi ne ya sa jinin ya tashi daga cikin kumfa ya koma jikin abin da kika gatsa. Ba laifinki nake gani ba. Duk wanda ya ga jini na fita daga jikinsa zai ja hannu, kuma da a ƙafa ne ko a hannu, barin wurin ya huta shi ne daidai. A dasashi kuwa, abin da ke sa jinin yana nan zaune a kan haƙorin, kuma ba zai tashi ba sai an ɗauke shi.

Abin da ke faruwa a bakin dasashi

Lafiyayyen dasashi ba ya jini don buroshi ya taɓa shi. Yana da tauri, ya rungume wuyan haƙori tsam, kuma tsakaninsa da haƙorin akwai ɗan siririn kwarmi mai zurfin milimita 1 zuwa 3. Launinsa ya danganta da fatar mai shi: na wani ja ne mai haske, na wani kuma da duhu ko dabbare-dabbare, kuma duk lafiya ne. Abin dubawa shi ne kumburi, da sheƙi, da laushi, da jini.

Sa'o'i kaɗan bayan an goge haƙori, wata dauɗa mai yauƙi, fara-fara, takan fara taruwa a kansa, musamman a daidai bakin wannan kwarmin. Idan kika kankari haƙorinki da farce da safe, ita ce za ki gani. Mutane da yawa suna ɗauka ragowar abinci ce, alhali taron ƙwayoyin bakteriya ne da suka gina wa kansu mazauni suka manne. Kurkurar baki da ruwa ba ta fitar da ita, komai ƙarfin kurkurar, sai an goge ta. Idan ta kwana biyu a wurin, jiki yakan ɗauke ta a matsayin baƙon da ya shigo da faɗa, sai ya turo jini da ƙwayoyin garkuwa. Ƙananan jijiyoyin jinin dasashi su buɗe su cika, fatar da ke lulluɓe da cikin kwarmin ta yi sirara ta farfashe. A wannan hali ko taɓawa kaɗan ta isa ta fito da jini. Buroshin bai ji miki rauni ba, raunin yana nan tun kafin ya iso.

An gwada wannan a fili a ƙasar Denmak a 1965. Wani malamin likitancin haƙori, Harald Löe, da abokan aikinsa sun samu mutane masu lafiyayyen dasashi suka ce su daina goge baki gaba ɗaya. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu duka ya kumbura. Da suka koma gogewa, cikin kusan mako guda kumburin ya sauka. Ina yawan ba marasa lafiyata wannan labari saboda yana nuna abu biyu lokaci guda: cutar tana zuwa da wuri idan an bar wurin, tana kuma tafiya da wuri idan an koma masa. Ke kin yi wa wurare biyu na bakinki irin wannan gwajin ba da saninki ba, na tsawon wata biyu.

Sai dai dauɗar ba ta zama da laushi har abada. Miyau yana ɗauke da sinadaran kalsiyam da fosfet, kuma idan dauɗar ta daɗe sai su shige ta su daskarar da ita, ta koma kamar dutse, mai launin ɗorawa ko ƙasa-ƙasa, wani lokaci baƙa idan a ƙarƙashin dasashi take. Wannan dutsen babu buroshin da zai cire shi. Bayansa kaushi ne da shi, don haka sabuwar dauɗa ke samun wurin kamawa. Ban yi mamaki da kika ambaci haƙoran ƙasa na gaba ba. A ƙarƙashin harshe, daf da bayansu, hanyoyin miyau suke buɗewa, shi ya sa nan ne dutsen ya fi taruwa a bakin kusan kowa. Ki ɗauki madubi a wuri mai haske ki leƙa bayan waɗannan haƙoran, ko ki shafa su da harshe. Idan kika ji kaushi, ko kika ga tsakaninsu ya toshe da wani abu mai launi, to shi ne. Na can ciki ta hagu kuma, ko dai buroshin ba ya isa turamen ƙarshe, ko kuma haƙorin ƙarshe ne da bai gama fitowa ba, dasashi ya rufe rabinsa, datti na shiga ƙarƙashi. Wannan sai an duba.

Matakin da ake dawowa da wanda ba a dawowa

Muddin kumburin a dasashi kawai ya tsaya, yana warkewa tsaf ba tare da ya bar tabo ba. Abin da nake jiye wa mutane shi ne mataki na gaba. A wasu mutanen, idan kumburin ya shekara da shekaru, sai ya gangara ƙasa ya fara cin zaruruwan da suka ɗaure saiwar haƙori da kuma ƙashin muƙamuƙin da ke riƙe da ita. Kwarmin nan mai milimita 3 ya zurfafa ya koma aljihu mai milimita 5, 6, ko fiye, inda buroshi ba zai taɓa kaiwa ba. Yana ci ne kamar yadda gara ke cin katako, daga waje lafiya lau, ciki kuwa ana ta rarakewa, kuma galibi babu ciwo ko kaɗan. Ƙashin da ya tafi, a mafi yawan lokuta ba ya dawowa. Abin da muke iyawa shi ne mu tsayar da ɓarnar a inda muka same ta. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2022 kan lafiyar baki, ta ƙiyasta cewa kusan kashi 19 cikin 100 na manya a duniya, wato sama da mutum biliyan 1, suna da wannan cuta a mataki mai tsanani.

Don haka rashin ciwon da kika ambata ba ya kwantar mini da hankali, kuma ba ya tayar mini. Dukkan matakan biyu haka suke. Alamun da ke nuna an wuce na farko su ne warin baki da ba ya jin gogewa, dasashi ya ja baya har haƙori ya yi kamar ya ƙara tsawo, mugunya ta fito idan an danna dasashi, haƙori ya fara motsi, ko tazara ta buɗe tsakanin haƙoran da a da suke a haɗe. Ba ki ambaci ko ɗaya ba, kuma a shekarunki, da wata biyu kacal, zatona ya fi ƙarfi a kan matakin farko.

Maganar bitamin da sauran dalilai

Wadda ta ce miki ƙarancin bitamin ne ba ta ƙirƙiri maganar ba. Jiki yana buƙatar bitamin C don ƙera sinadarin da ke ƙarfafa bangon jijiyoyin jini da dasashi, kuma rashinsa ya kashe ɗimbin matuƙan jiragen ruwa a ƙarnonin baya, dasashinsu na ruɓewa haƙora na zubewa, har wani likitan sojan ruwan Birtaniya, James Lind, ya gwada ba wasunsu lemu a 1747 suka warke. Amma kafin a kai ga haka sai mutum ya yi wata ɗaya zuwa uku kusan babu 'ya'yan itace ko ganye a abincinsa, kuma yakan zo da kasala, da ciwon gaɓoɓi, da ɗigo-ɗigon jini a fata. A cikin waɗanda nake gani da jinin dasashi, 'yan ƙalilan ne matsalarsu ke nan. Abin da ke ba ni takaici shi ne mutum ya yi wata shida yana haɗiyar ƙwayar bitamin, dutsen kuma yana nan yana ƙara kauri. Kuma ki lura, jininki daga wurare biyu yake fita, ba daga baki duka ba. Matsalar da ta fito daga cikin jiki ba ta cika zaɓen haƙora ba.

Akwai abubuwan da ke sa dasashi ya yi saurin kumbura ko da dauɗar kaɗan ce. Juna biyu na kan gaba, saboda sauyin sinadaran jiki, kuma ya fi tsanani daga wata na huɗu zuwa sama. Kin ce ba ki da shi, amma don masu karatu: mai ciki za ta iya zuwa a wanke mata haƙora, babu haɗari ga jariri. Haka ma lokacin balaga, da kuma 'yan kwanakin kafin al'ada ga wasu matan. Sai ciwon sukari, wanda alaƙarsa da dasashi ta kowane ɓangare ce: sukarin da ya hau yana ƙara cutar dasashi, cutar dasashi kuma tana wahalar da saukar da sukari. Na sha tura mutum gwajin sukari saboda abin da na gani a bakinsa kawai, ya dawo da sakamakon da bai taɓa zato ba. Bushewar baki da yin barci baki buɗe suna busar da dasashin gaba su sa shi jini. Cikon haƙori da ya yi tudu, ko haƙorin roba da bai zauna daidai ba, ko ƙarfen daidaita haƙora, duk maɓoyar dauɗa ne.

Magungunan da ke shafar dasashi kashi biyu ne. Masu tsinka jini, irin su asfirin da wafarin, suna sa ɗan jini ya zama mai yawa. Wasu kuma, irin su amlodifin da nifedifin na hawan jini da fenitoyin na farfaɗiya, suna iya sa dasashi ya yi kauri ya hau kan haƙora. Duk mai shan ɗaya daga cikinsu, ina roƙonsa kada ya daina da kansa saboda jinin dasashi. Maganin yana kare shi daga abin da ya fi wannan girma. Ya gaya wa likitan da ya rubuta masa, ya kuma gaya wa likitan haƙori kafin a taɓa bakinsa.

Taba sigari kuwa akasin haka take yi, kuma shi ya sa na fi jin tsoronta. Tana matse jijiyoyin jinin dasashi, sai jinin ya ɓuya cutar na ci. Wani magidanci mai shekara arba'in da 'yan kai ya taɓa zuwa wurina da turmi yana girgiɗa. Ya ce, "Likita, ni fa dasashina bai taɓa jini ba." Gaskiya ya faɗa. Da na auna, aljihunan sun kai milimita 7 a wurare da dama, kuma ya fi shekara ashirin yana shan taba. Da bakinsa ya yi jini kamar naki, da ya zo tun da sauran ƙashi. Wanda ya daina taba kuma ya ga jini ya fara fita, kada ya razana, jinin ne ya dawo wurin.

Akwai kuma jinin da ba a jira da shi ko kwana ɗaya. Idan yana fita da kansa ba a taɓa ba, ko a tashi da safe a gan shi a matashin kai, ko ya ƙi tsayawa bayan an danna da tsumma mai tsabta na minti 10 zuwa 15, ko ya haɗu da haɓo, da tabon taruwar jini a fata ba tare da an bugu ba, da jinin al'ada mai yawa fiye da yadda aka saba, da zazzaɓi, da ɗashewar jiki, to wannan na gwajin jini ne a ranar. Ƙarancin ƙwayoyin da ke daskarar da jini, ciwon hanta da sankarar jini duk suna iya fara bayyana a baki. Ba kasafai ake gani ba, amma na taɓa ganin yaro da aka kawo don a wanke masa haƙora, na ga dasashinsa ya kumbura fatarsa ta ɗashe, na ajiye kayan aikina na tura shi gwaji, kuma a ranar aka kwantar da shi. Haka nan dasashin da ke zugi sosai, da wari mai ƙarfi da farin gyambo a tsakanin haƙora, shi ma na gaggawa ne.

Abin da za ki yi a mako biyu masu zuwa

Ki samu buroshi mai laushin gashi da ƙaramin kai. Mai tauri ba ya ƙara tsabta, dasashi yake kankarewa ya tura shi baya. Ki riƙe shi da yatsu kamar alƙalami, domin wanda ya damƙe buroshi a tafin hannu ƙarfi zai sa ko bai yi niyya ba. Ki ɗora shi a karkace, rabin gashin a kan haƙori rabi a kan dasashi, bakin gashin na kallon kwarmin, sannan ki riƙa jijjiga shi a hankali a kan haƙora biyu ko uku kafin ki share zuwa bakin haƙorin ki matsa gaba. Ba a dirzawa kamar ana wanke tukunya. Bayan haƙoran ƙasa na gaba, ki tsayar da buroshin a tsaye ki shiga da kansa. Don isa turamen ƙarshe, ki ɗan rufe bakin, domin idan kika wage shi sosai kumatu na matsewa su tare hanya. Minti 2, sau biyu a rana, kuma na dare kafin barci ya fi muhimmanci, saboda miyau na raguwa cikin barci. Ki fara da wuraren da ke jinin, lokacin da hankalinki ke kan aikin. Man goge bakin ya kasance mai sinadarin fuloraid, ki tofar da kumfar kawai ba tare da kurkurewa da ruwa ba. Idan gashin buroshi ya baje, ko ya kai wata 3, ki sauya.

Buroshi ba ya shiga tsakanin haƙora, kuma a nan ne kumburi ya fi farawa. Sau ɗaya a rana ki yi amfani da zaren sakace: ki zura shi a hankali, ki lanƙwasa shi ya rungumi gefen haƙori ɗaya, ki goga sama da ƙasa har ya ɗan shiga ƙarƙashin dasashi, sannan ki juya kan maƙwabcinsa. Inda akwai tazara, 'yan ƙananan buroshin nan na tsakanin haƙora sun fi zaren aiki, kuma ni su na fi ba mutane domin sun fi sauƙin riƙewa. Tsinken sakace yana fitar da abincin da ya maƙale, amma ba ya share dauɗar.

Ki shirya ganin jini a kwanaki uku ko huɗu na farko, wataƙila ma fiye da da. A nan ne mafi yawan mutane ke karaya su daina. Ki daure. Kafin mako ya cika za ki ga ya ragu, kuma zuwa mako biyu, idan dauɗa ce kaɗai, ya kamata ya ɗauke ko ya kusa. Kurkura da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri yana sanyaya wurin. Maganin kurkure baki mai kulohekzidin yana kashe ƙwayoyin sosai, amma na ɗan lokaci ne, kamar mako ɗaya zuwa biyu, domin yana rina haƙora da harshe ya kuma dusashe ɗanɗano, kuma a bar aƙalla rabin sa'a tsakaninsa da man goge baki. Ƙwayoyin antibayotik ba su da gurbi a irin naki. Suna iya lafar da abin na 'yan kwanaki, ya dawo da zarar an gama.

Wankin haƙora a asibiti

Ko da jinin ya tsaya, ina so ki je a duba ki, domin idan akwai dutse zai sake tayar da kumburin. Na'urar da muke amfani da ita tana karkarwa ne da sauri tana fesa ruwa, sai dutsen ya farfashe ya faɗo. Ba ta yanka haƙori, kuma farin ɓawon haƙori shi ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam.

Amma na san inda maganar nan ta cewa wanki na sa haƙora su girgiɗa ta samo asali, kuma waɗanda ke faɗinta abin da suka ji a bakinsu suke faɗa. Mutumin da ya daɗe da cutar, ƙashinsa ya riga ya zaizaye, dutsen kuma ya haɗe haƙoran ƙasa ya riƙe su kamar siminti. Ranar da aka cire shi sai motsin da ke ɓoye ya bayyana. Bayan kwanaki kuma dasashin da ya kumbura ya saɓe, sai tazarar da dutse da kumburi suka toshe ta fito fili, iska na wucewa, ruwan sanyi na sa zugi. Dole ya ce wankin ne ya ɓata masa haƙora. A gaskiya cutar ce ta ci ƙashin, kuma dutsen da yake ganin yana riƙe da haƙoran shi ke ciyar da ita. Sau da yawa, bayan makonni, idan kumburin ya sauka, haƙoran sukan ɗan ƙara tsayawa. Laifinmu ne mu likitoci idan ba mu yi wa mutum wannan bayanin kafin mu fara ba, kuma ni yanzu sai na miƙa wa mutum madubi na nuna masa dutsen da motsin haƙorin da idonsa kafin in kunna na'ura.

Ban ga bakinki ba, Malama, kuma bambanci tsakanin matakin farko da na biyu ba a gane shi ta rubutu, ko ta hoto ma. Sai an zura ɗan siririn ma'auni mai layin milimita a kewayen kowane haƙori, idan an ga aljihu mai zurfi a ɗauki hoton ƙashi. Ki roƙi likitan ya auna ya kuma faɗa miki lambobin. Idan 1 zuwa 3 ne, wanki ɗaya da gyaran gogewa sun wadatar. Idan akwai 4 zuwa sama, za a buƙaci wanki mai zurfi a ƙarƙashin dasashi, galibi da allurar kashe zafi, sannan a sake aunawa bayan wata biyu ko uku. Ki gaya masa idan iyayenki ko 'yan'uwanki sun rasa haƙora da wuri, domin saurin kamuwa da cutar yana bin jini, ki kuma nuna masa wurin nan na can ciki ta hagu ya duba haƙorin ƙarshe. Bayan wankin, idan ruwan sanyi ya riƙa sa miki zugi, ki shafa man goge baki na masu zugin haƙori a wurin da yatsa kafin ki kwanta. Yakan lafa cikin mako ɗaya zuwa biyu.